ROTADAM: BIRNIN DA WUTA TA CINYE CIKINSA

Duk wanda ya taɓa yin dako ko tuƙin babbar mota a tashar jiragen ruwa ta Apapa, da wuya a ce bai ji sunan Rotadam ba. Birni ne a ƙasar Holan, tasharsa kuwa ita ce mafi girma a Turai duka, har ɗanyen man Nijeriya yana cikin kayan da ake saukewa can.

Baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasa a tsakiyar garin, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne rashin tsofaffin gidaje. Sauran biranen Holan cike suke da lunguna da siraran gidajen jan bulo na kaka da kakanni. Nan kuwa sai tituna masu faɗi da benaye na kankare da gilashi, kamar jiya aka sari garin, alhali kuwa ya haura shekara 600.

Dalilin haka shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. Ran 10 ga watan Mayu, 1940, sojojin Hitila suka faɗa wa Holan. Ran 14 ga wata, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana, ana cikin shawarar miƙa garin, sai jiragen saman Jamus suka yi wa tsakiyarsa ruwan bama-bamai. Abin bai wuce kwata na awa ba, amma wutar da ta kama ta yi kwanaki tana ci. Mutum wajen 900 suka rasu, gidaje kusan 25,000 suka ƙone, mutum kamar 80,000 suka rasa wurin kwana. Kashegari Holan ta yi saranda. A 1944 kuma Jamusawa suka farfasa tashar jiragen ruwan da nakiya.

Toka ba ta gama hucewa ba hukuma ta karɓe filayen duka. Aka kwashe ɓaraguzai aka cike wasu magudanan ruwa da su. Masu filaye aka rubuta musu diyya a babban littafi, amma sai wanda ya tashi gini zai karɓa. Da yaƙi ya ƙare, a 1946, aka amince da tsarin wani ma'aikacin gari mai suna Van Traa. Tsarin nan bai nemi mai da tsohon gari ba ko kaɗan. An ware wurin ciniki daban, ofisoshi daban, masana'antu daban, gidajen kwana kuwa aka tura yawancinsu bayan gari.

Dab da tashar jirgin ƙasa baƙo zai ga wani ƙaton gini mai tsawon mita 220, wanda aka buɗe a 1953. Ƴan sari ne da gobara ta cinye musu sito suka ga ba wanda zai iya gina nasa shi kaɗai, suka haɗa kai aka yi musu guda ɗaya, har da hanyar da mota za ta shiga ciki ta sauke kaya. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka. A shekarar nan kuma aka buɗe Lijnbaan, titin kantuna wanda ba a yarda mota ta bi ba, sai masu tafiya a ƙasa. Daga ƙasashe da yawa aka riƙa zuwa ganinsa ana kwaikwayo.

Ta wajen ciniki kam tsarin ya biya. Daga 1962 har zuwa 2004 ba tashar da ta kai ta Rotadam hada-hada a duniya. Tsawonta daga gari zuwa bakin teku ya kai mil 25. Aiki ya yi yawa har hannu ya kasa, aka ɗebo leburori daga Turkiyya da Maroko, wasu suka zo daga Surinam da Kef Bad. Baƙin nan sun zauna sun hayayyafa. Ga Masallacin Essalam da aka buɗe a 2010 a kudancin kogi, kuma Ahmed Aboutaleb, haifaffen Maroko, ya riƙe magajin gari daga 2009 zuwa 2024.

Amma fa an yi asara wadda ba ta shiga littafin diyya ba. Gidajen kwanan da aka mayar a tsakiyar gari ba su kai rabin waɗanda suka ƙone ba. Talakawan da ke zaune a lungunan da, da masu ƙananan kantuna da yawa, ba su sake komawa ba. Da an tashi daga aiki an rufe kantuna, sai tsakiyar gari ta yi tsit, iska kawai ke kaɗawa. Kusa da tsohuwar tasha akwai mutum-mutumi na tagulla wanda Ossip Zadkine ya ƙera, aka kafa a 1953: mutum ne ya ɗaga hannuwa sama yana kururuwa, an huda ƙirjinsa, ba zuciya. Mutanen garin suka ce ai garinsu ke nan.

Sai daga wajen 1970 aka fara gyara kuskuren, aka shiga dawo da mazauna. A 1984 aka gama waɗansu gidaje masu ban dariya na magini Piet Blom, kowanne kamar akwati da aka dasa a kan kusurwarsa. A 1996 aka buɗe Gadar Erasmus, wadda ta haɗa tsakiyar gari da unguwannin ma'aikata na kudu. A 2014 kuma aka buɗe Markthal, watau kasuwa mai rumfuna kusan 100, wadda gidajen kwana 228 suka yi mata baka kamar rufin soro. Mai gida ya leƙo ta taga ya ga mai kifi a ƙasa.

Ƴan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal sun san wannan labari ko ba su je Turai ba. Kasuwa ta ƙone, a share fili, a gina sabuwa mai kyau, sa'an nan mai tsohuwar rumfa ya ji kuɗin haya ya ja da baya. A Rotadam waɗanda suka haɗa kai tun da wuri sun sami wurinsu, waɗanda suka watse kuwa aka yi ginin ba su. Shugabannin ƴan kasuwa su lura: a rubuta sunan kowa da lambar rumfarsa tun ba a yi gobara ba.

Baƙon da ya kwana a garin, in ya fita da dare ya dubi ƙasa, zai ga ƴan jajayen fitilu an dasa a daɓen titi, sun yi layi fiye da mil 7. Iyakar inda wutar 1940 ta tsaya ke nan. Allah ya kiyashe mu da ganin irinta, amin.