"Wayata Ta Mutu": Wace Irin Mutuwa Ake Nufi?

Daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, duk wanda ya ɗan zauna a rumfar mai caji ko shagon mai gyara zai ji an zo ana cewa "wayata ta mutu". Kalmar ta girmi waya nesa ba kusa ba. Bahaushe kan ce tukunya ta mutu idan ta fashe, mota ta mutu a hanya, har aure ma yakan mutu. "Rasu" kuwa ta mutum ce kaɗai, shi ya sa ba mai cewa wayarsa ta rasu sai da wasa.

Sai dai tukunya in ta mutu ta tafi ke nan, mota kuwa a kan tura ta ta tashi. Waya tana yin duka biyun, kuma kalma ɗaya ake faɗa musu.

Mafi yawanci mutuwar mota ce. Batirin waya idan ya ƙare ƙarƙaf ya kwana biyu a haka, kamar yadda kan faru in an daɗe ba a kawo wuta ba, ƙarfinsa kan sauka ƙasa da bolt 3. Ko an jona ta ba za ta nuna komai nan take ba, sai a ba ta minti 15 zuwa 30 da caja mai kyau. A lokacin hunturu kuma ƙura kan toshe bakin caji, a yi ta zargin batiri alhali wuta ce ba ta shiga.

Wata kuma daskarewa ta yi: tana kunne, ta dai ƙi motsi. A wayoyin Android da yawa, danne maɓallin kunnawa tare da na rage sauti na daƙiƙa 10 zuwa 20 yakan tashe ta. Idan kuma an kira ta tana ƙara amma fuskarta baƙi ƙirin, sikirin ne ya lalace, hotuna da lambobi suna nan lafiya.

Mutuwar tukunya ita ce injin ya ƙone, galibi saboda ruwa ko caja mara kyau. Wayar da ta sha ruwa ba a jona ta a caji, kuma binne ta cikin shinkafa ba ya hana tsatsa cin injin.

Inda bambancin yake da tsada shi ne gaban mai gyara. Wanda ya ce "ta mutu" ya yi shiru, ya bar masa ya yi hasashe, wani kuma filashin zai fara da shi. Filashin yakan goge duk abin da ke ciki, har hirarrakin WhatsApp da ba a adana a Google ba. Gara a ce "Oga, tana ƙara amma ba ta haske", ko "tana tsayawa a tambarin Tecno", sannan a ƙara da cewa kada a yi mata filashin sai an tambayi mai ita.