Gadarif: Wa ke cin moriyar tallafin noma a rumbun Sudan?

Duk wanda ya ji tarihin kakanninmu da suka bi hanyar Makka da ƙafa ya san sunan Gadarif. Da yawa daga cikinsu sun yada zango a wannan yanki na gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha, suka ga baƙar ƙasa mai albarka, suka kafa gida. Har yau jikokinsu na noman dawa da riɗi a can.

Noman injina ya fara ne a wajajen Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, lokacin da Turawan Ingila ke neman abincin ciyar da sojoji. A 1968 gwamnati ta kafa hukumar noman injina, Bankin Duniya ya ba da rance, aka yanka daji gona-gona, kowace faddan 1,000 zuwa 1,500. Faddan 1,000 kuwa ya kai hekta 420. Wanda ya samu irin wannan gona ya samu hayar ƙasa mai rahusa, da bashin sayen tarakta, da man dizal a farashin gwamnati. To, wa ya samu? Galibi 'yan kasuwar birni ne da manyan ma'aikata masu ritaya, domin su ke da abin jingina.

Tallafin Gadarif ba kuɗi ba ne da ake danƙa wa manomi a hannu. Mafi yawansa yana biyowa ta Bankin Noma na Sudan, wanda ya fara aiki a 1959. Daga shekarun 1990 bankin ya rungumi cinikin salam, wato ya biya kuɗin dawa tun da damina, manomi ya kawo buhunan da kaka. Shari'a ta halatta wannan ciniki muddin an fayyace mudu da lokaci, kuma hikimarsa a fili take: manomi ya samu jari ba tare da riba ba.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne farashi. A ƙasar da kuɗinta ke faɗuwa kullum, abin da aka yanke a watan Yuli kan zama abin dariya a Disamba. Shi ya sa aka ƙara sharaɗin kawar da zalunci a yarjejeniyar, wanda ke ba da damar gyara farashi idan tazarar ta wuce sulusi. Amma idan ruwa ya ɗauke fa? Manomi ya riga ya sa hannu a cak, dokar laifuffuka ta 1991 kuma tana hukunta wanda cak ɗinsa ya dawo babu kuɗi. Ta haka magidanta masu mutunci suka kwana a kurkuku saboda damina ba ta yi kyau ba.

Ƙaramin manomi, mai faddan goma ko ashirin, ko ƙofar bankin bai cika kaiwa ba. Shi nasa bankin ɗan kasuwar ƙauye ne, da bashin da suke kira shail: a karɓi hatsi ko kuɗi lokacin yunwa, a biya da amfanin gona a farashin da mai bayarwa ya ga dama. Mu ma a karkararmu ba baƙon abu ba ne.

A watan Yuni na 2021 gwamnatin riƙon ƙwarya ta janye tallafin man fetur da dizal, kuɗin huɗa ya yi tashin gwauron zabo. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum, inda hedikwatar bankin take. Rancen daminar wannan shekara ya makara, a daidai lokacin da dubban iyalai masu gudun hijira ke kwararowa Gadarif suna neman abin sawa a baki.