Ɗingishin da Ke Fitowa Daga Kwatangwalo

A ziyarar ikilisiyoyi muna yawan ganin yara masu ɗingishi, iyaye kuma su ce haka Allah ya yi su. Ɗingishi yana da dalilai da yawa, ga ɗaya daga ciki. A wasu jarirai, ramin kwatangwalo inda kan ƙashin cinya yake zama ba shi da zurfi, sai ƙashin ya riƙa zamewa. Ya fi samun 'ya'ya mata, da jaririn da ya zo a zaune wajen haihuwa. Goyo irin na iyayenmu mata, ƙafafu a buɗe, yana taimakon gaɓar. Naɗe jariri tam da ƙafafu a miƙe shi ne ba a so.

Idan an gano kafin wata 6, yawanci ɗamara ta musamman ta isa, ba sai an yi tiyata ba. Idan an makara, guringuntsin gaɓar yana cinyewa a hankali, ciwo ya taso a ƙuruciya.

Ga wanda ya riga ya girma, akwai aikin da wani likita, Reinhold Ganz, ya fara a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a 1984. Ana yanka ƙashin da ke kewaye da ramin, a juya shi ya rufe kan ƙashin cinya, a kafe da kusoshi. Mutum yana nan da gaɓarsa ta haihuwa.

To, yana daɗewa? An bi sawun gaɓoɓi 75 da aka fara yi wa aikin. Bayan shekara 20, kimanin 6 cikin 10 suna nan. Bayan shekara 30, kimanin 3 cikin 10 ne suka rage lafiya. Sauran, ciwo ya dawo ko an sa musu gaɓar ƙarfe. Wani zai ce ashe ba magani ba ne. Mu ba haka muka gani ba. Ga budurwa 'yar shekara 20, waɗannan su ne shekarun noma da aure da renon 'ya'ya. Gaɓar ƙarfe kuwa tana da tsada, ita ma tana lalacewa.

Aikin ya fi yi wa wanda bai kai shekara 40 ba, wanda guringuntsinsa bai cinye ba tukuna. Don haka muna roƙon Zumuntar Mata su sa ido: ƙafa ɗaya ta fi gajarta, ko cinya ɗaya ba ta buɗewa wajen goyo. Wannan ba karaya ba ce, mai ɗori ba zai iya ba. A je asibiti a ɗauki hoto, a nemi takardar turawa zuwa asibitin ƙashi, kamar na Dala a Kano.