Ciwon Taurin Fata: A Sa Ido Kan Ƙoda

Da hunturu ya kama a Zariya, mukan ji mata a Tudun Wada suna kukan yatsunsu sun yi fari, sun yi sanyi ƙalau. Galibi sanyi ne kawai. Amma idan fatar yatsu ta kumbura, ta yi tauri tana ƙyalli, har baki ya ƙi buɗuwa sosai, to, akwai ciwon da likitoci ke kira sikilarodama, wato taurin fata. Ba kuturta ba ce, ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi mai ita, kuma ya fi kama mata.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne ƙoda. A cikin shekara 5 na farkon ciwon, jinin wasu yakan hau farat ɗaya, kai ya yi ta sara, fitsari ya ragu, kafin a ankara ƙoda ta tsaya.

Akwai gwajin jini da ke nuna wanda ya fi shiga wannan haɗari. Ana duba irin sojojin garkuwar da jiki ya ƙera. Wanda ake kira Scl-70 ya fi nuni ga huhu. Mai RNA polymerase III kuwa, ƙodarsa ce abin tsoro. Sai dai fa gwajin gargaɗi kawai yake yi. Awon hawan jini da gwajin kiriyatinin su ne ke nuna ƙoda ta soma taɓuwa.

A nan muke jan kunne game da furednisolon da ake saye a kemis don ciwon gaɓoɓi. Miligiram 15 a rana, ko fiye, yana iya tayar da wannan rikici. Kada a sha sai da izinin likita.

Magani akwai shi. A 1990 likitocin Pittsburgh a Amurka sun ba da rahoton cewa 76 cikin 100 na waɗanda aka ba irin su kaftofiril sun kai shekara da rai, su kuwa waɗanda ba a ba su ba, 15 kacal.

Muna roƙon Zumuntar Mata a ikilisiyoyinmu su tanadi na'urar awon jini, su riƙa ara wa 'yar'uwa mai wannan ciwo ta auna a kai a kai. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma Shika tun 2005. In awo ya wuce 140/90, ranar nan za a kai ta can, ba a jira gari ya waye.