Suna ɗaya, furogaram biyu: yadda shel ke neman umurni

Wannan ɗan bayani ya samo asali ne daga wata matsala da muka ci karo da ita wajen nazarin hirarrakin da aka ɗauka da masunta a bakin tafkin Madarumfa. Bayan an rubuta hirarrakin, mun so mu auna tsawon kalmomi. Mu da wani ɗalibinmu muka yi aiki a kan kwamfuta ɗaya, da fayil ɗaya, kowa ta asusunsa, muka buga umurni ɗaya, watau python, amma lissafinmu ya bambanta. A wurinmu kalmar ɗanɗano baƙaƙe da wasula 7 ce. A wurinsa 9. Da ba a lura ba, da alƙaluman sun shiga kundin digirinsa a haka.

Dalilin farko sananne ne. A tsarin UTF-8, baƙaƙe masu ƙugiya (ɓ, ɗ, ƙ, ƴ) kowannensu bayit 2 yake ci. Python 2, wanda aka daina kula da shi a farkon 2020, bayit yake ƙirgawa idan ba a umurce shi da wani abu ba. Python 3, da ya fito a 2008, haruffa yake ƙirgawa. Tambayar da ta fi damun mu ita ce: yaya suna ɗaya ya kira furogaram biyu?

Shel shi ne furogaram ɗin da ke karɓar abin da muka buga a tsarin Unix da Linux. Idan aka ba shi suna, yana bin wani jeri na jakunkuna (abin da Faransanci ke kira répertoires) wanda ke ajiye cikin PATH, dabarar da ta zo da shel ɗin Bourne a 1979. Umurnin echo $PATH yana nuna jerin, an raba jakunkunan da ɗigo biyu, misali /usr/local/bin:/usr/bin:/bin. Shel yana farawa daga hagu, kuma da zarar ya sami sunan sai ya tsaya. Ba ya duba ko akwai wani a gaba. Mai nazarin ma'ana zai gane lamarin: in aka kira Abdu a zaure, wanda ya fi kusa da ƙofa shi ke amsawa. A asusunmu, Anaconda ta sa jakarta a kan gaba, don haka Python 3 muke samu. A asusun ɗalibin, tsohon /usr/bin/python ne ke amsawa.

Amma PATH ba shi ne matakin farko ba. Bash, wanda Brian Fox ya fitar a 1989, yana fara duba laƙabi (alias), sannan ayyukan da mai amfani ya ƙirƙira, sannan umurnonin da ke jikinsa kamar cd. Sai bayan waɗannan yake fita neman fayil. Ko a nan ma yana da ɗan littafin tuni: wurin da ya taɓa samun suna, can yake komawa. Shi ya sa mutum kan girka sabon furogaram, amma tsohon ya ci gaba da amsawa, har sai an buga hash -r ko an buɗe sabuwar taga.

Wannan ne ya sa ba mu cika amincewa da which ba, ko da yake shi ɗalibai suka fi sani. A ƙarƙashin bash, which furogaram ne na waje: PATH kawai yake karantawa, bai san laƙabi ko littafin tuni ba, don haka yana iya nuna wani fayil alhali shel wani abu dabam zai kira. Umurnin type na jikin shel ne, kuma type -a python yana jero duk masu wannan suna, na farkon shi ne mai amsawa idan littafin tuni bai riƙe wani ba. Cikin rubutattun umurnoni mun fi son command -v, saboda yana cikin ƙa'idar POSIX. (A zsh, wanda macOS ta ɗauka tun 2019, which na jikin shel ne, kada a ɗauka halinsa ɗaya ko'ina.)

A lura kuma cewa jakar da mutum ke ciki ba ta cikin PATH bisa al'ada, don kada wani fayil mai suna ls ya ƙwace wurin na gaskiya. Shi ya sa ake rubuta./kirga.py. Game da hirarrakin Madarumfa, mun sake lissafin duka da python3, muka kuma sa ɗalibin ya rubuta cikakken wurin furogaram ɗin da lambar fitowarsa a babin hanyoyin bincike.