Yarinyar da Fim Ya Mayar da Ita Mai Aljanu

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango guda 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, saboda ba a kai mata su ta tace ba kafin a sake su. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan lasisi da tarbiyya. Abin da ya fi damuna kuwa ba a taɓo shi ba: wata yarinya da ke yawo daga fim zuwa fim a ƙananan finafinan ban tsoro na YouTube, waɗanda masu tura fim a waya ke zuba wa yara a Dutse da Shuwarin da Kiyawa.

Kun san ta. Budurwa ce 'yar shekara goma sha biyar ko sha shida, marainiya ko agola. Ta daina magana, ta daina cin abinci, tana firgita cikin dare. Kafin a je ko'ina murya ta sauya, ido ya juye, aljani ya ce shi ya aure ta, ko kishiyar uwa ce ta turo shi. A kira malam, a yi ruƙiyya, a yi hayaƙi, ta warke sarai.

Wasu na cewa araha ce ta jawo yawaitar wannan labari, tunda ɗaki ɗaya da hoda da sautin kwamfuta sun isa. Haka ne, amma babban dalili ya wuce kuɗi. Aljani yana wanke mutanen gida. Da marubucin zai ce tallan da take yi har dare ne ya karya ta, ko auren da ake shirin yi mata ba da sonta ba, ko wani na jikinta da ya ci amanarta, to dole a nuna uba ko kawu da yatsa, masu kallo kuma ba sa so. Idan aka ɗora wa mutanen ɓoye, kowa ya huta, a tausaya wa yarinyar ba tare da an tambaye ta me ya same ta ba. Tun a ƙarshen 1995, lokacin da aka ce wata aljana mai suna Sumbuka ta kayar da ɗaruruwan ɗalibai mata a makarantun sakandare na Kano, maganar aljani da rawar Indiya da aka ce ɗaliban na yi ta fi yawa a bakin jama'a a kan halin da yaran ke ciki a ɗakunan kwana.

Masu kare finafinan za su ce aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su, ruƙiyya kuma ta tabbata a sunna. Babu Musulmin da zai musa wannan. Sai dai addinin bai ce kowace faɗuwa iska ce ba, kuma ya yi umarni da neman magani.

Illar tana bayyana a gida. Abin da fim ke nunawa a matsayin shigar aljani, wato sanƙarewa da kumfar baki, ko shiru da kukan da ba a san dalilinsa ba, shi ne kamannin farfaɗiya da ciwon damuwa, kuma duka biyun suna jin magani. Uwar da ta kalli labarin sau da yawa za ta daɗe tana zagayen masu magani kafin ta tuna da Asibitin Rasheed Shekoni da ke nan Dutse, ko asibitin masu taɓin hankali na Kazaure, ko na Dawanau a Kano. Kafin nan yarinya ta bar makaranta, ƙawaye sun guje ta, manema sun janye. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba irin wannan yarinya haƙƙin a duba ta a asibiti cikin mutunci, amma iyayen da ke Jahun ko Birnin Kudu sun fi haɗuwa da fim a waya a kan jami'in lafiya da zai gaya musu haka.