Abubuwan da ya kamata ka sani game da Manuel Pizarro, ɗan kasuwar da ya shiga majalisar Sifaniya

Wane ne shi

An haifi Manuel Pizarro a garin Teruel na ƙasar Sifaniya a 1951. Lauya ne, ya fara da yi wa gwamnati aiki, daga baya ya koma dillancin hannun jari. Ya shugabanci kasuwar hannun jari ta Madrid, sannan bankin ajiya na Ibercaja. A 2002 aka naɗa shi shugaban Endesa, kamfanin wutar lantarki mafi girma a ƙasar a wancan lokacin.

Abin da ya fito da sunansa

A watan Satumba na 2005 kamfanin Gas Natural na Barcelona ya nemi saye Endesa ba da yardar shugabanninsa ba. Yadda ake yin irin wannan ciniki shi ne mai saye ya tsallake shugabanni, ya yi wa masu hannun jari tayi kai tsaye. Idan mafi yawansu suka sallama, kamfani ya koma hannunsa.

Gas Natural ya taya kowane hannun jari a kan kusan yuro 21. Pizarro ya ce albarka, ya kuma garzaya kotu, ga shi kuwa ana ganin gwamnatin firaminista Zapatero na goyon bayan cinikin. Jan lokacin da ya yi ne ya ba wasu damar shigowa. E.ON na Jamus ya ƙara farashi a 2006, a ƙarshe Enel na Italiya da Acciona na Sifaniya suka saye kamfanin a 2007 a kan kimanin yuro 40. Masu hannun jari sun sami kusan ninki biyu, sai dai daga baya Endesa ya koma ƙarƙashin ikon kamfanin waje, abin da masu yabon Pizarro ba su cika tunawa ba.

Yadda ya sami kujera

Majalisar wakilan Sifaniya tana da kujeru 350, kuma ba mutum ɗaya ake zaɓa ba. Kowace jam'iyya tana jera sunayen 'yan takararta a kowane lardi, mai zaɓe ya jefa wa jerin ƙuri'a yadda yake, ba ya iya sauya komai. Wanda ke sama a jerin babbar jam'iyya ya riga ya ci. Saboda haka shugaban jam'iyya na iya ɗauko baƙo ya ba shi kujera, kamar yadda kulob ke sayen ɗan wasa. Haka Mariano Rajoy, shugaban jam'iyyar PP, ya yi a Janairun 2008: ya sa Pizarro na biyu a jerin Madrid, bayan sunansa.

Muhawara da abin da ya biyo baya

A Fabrairun 2008 Pizarro ya kara da ministan tattalin arziki Pedro Solbes a gidan talabijin na Antena 3. Pizarro ya yi gargaɗin cewa tattalin arziki na shiga mawuyacin hali, Solbes ya ce tafiyar ce kawai ta ɗan ragu. Yawancin masu kallo suka ba Solbes nasara, domin ya fi iya magana a gaban kyamara. Amma rashin aikin yi, wanda bai kai kashi 9 cikin 100 ba a 2007, ya haura kashi 26 a 2013.

PP ta faɗi zaɓen 9 ga Maris na 2008 da kujeru 154, jam'iyyar PSOE mai mulki ta sami 169. Mutumin da aka ɗauko don ya zama minista ya tsinci kansa a ɓangaren adawa, kuma Cristóbal Montoro aka ba muƙamin kakakin jam'iyya kan tattalin arziki. A Janairun 2010 Pizarro ya ajiye kujerarsa, wa'adin bai ko kai rabi ba, ya koma aikin lauya da harkar kamfanoni.